Ɗan ci-rani a ƙasar 'yan ci-rani: zamana a duwatsun Belluno

Ni ɗan Adar ne, daga wani ƙauye na ƙasar Keita a jihar Tawa. A wajenmu ba a tambayar namiji ko zai tafi ci-rani, sai dai a tambaye shi ina ya nufa bana. Kakana Kumasi ya yi, mahaifina ya yi Abijan da Legas, ni kuma rabona ya ja ni arewa: Agadas, Libiya, sannan teku. Mu biyu muka shiga jirgin roba, ni da ƙanena, a ƙarshen shekarar 2016. Ni kaɗai na taka ƙasar Sisili. Zan dawo kan wannan in lokacinsa ya yi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙasar da aka kai ni bayan nan, wadda na ƙi jininta tun ban san ta ba.

Daga Sisili aka zuba mu a babbar mota, muka wuni muka kwana muna nausawa arewa. Barci ya ɗauke ni a fili, gonaki shimfiɗe hagu da dama. Da na farka sai na ga kamar an zura mu cikin rijiya. Dutse a gabas, dutse a yamma, hanya na bin gefen wani kogi mai farin tsakuwa, sama ta koma 'yar siririya kamar ƙyallen rawani. Ƙasarmu Adar Dutsi ake ce mata, da awaki na tashi ina hawa ina sauka, na ɗauka na san dutse. Ashe tudu na sani.

Sunan Italiya ba baƙo ba ne a Keita. Tun daga 1984 Italiyawa suka zuba kuɗi a aikin farfaɗo da ƙasarmu bayan fari, kuma mata ne suka yi mafi yawan aikin don maza suna ci-rani. Mahaifiyata ta ɗauki duwatsu a ka ana jera su don tare ruwa, ana biyanta da abinci. Saboda haka a raina Italiya ƙasa ce ta masu injuna da ƙoshi, waɗanda ba su san barin gida don neman abin kai wa baki ba. Da wannan tunanin na sauka a lardin Belluno.

Lardin shi ne na can ƙuryar arewa a yankin Veneto, kansa na jingine da iyakar Ostiriya. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 3,600, amma mutanensa duka ba su wuce dubu 200 ba, don mafi yawan ƙasar dutse ne da daji. Kogin Piave ne ƙashin bayansa: daga arewa yake gangarowa, ƙoramu na zuba masa daga kowane kwari, ya ratsa ta gindin birnin Belluno ya nufi teku kusa da Venis. Shi kansa birnin ƙarami ne, mutum wajen dubu 35, yana zaune a kan wani tudu inda rafin Ardo ke haɗuwa da Piave. In ka tsaya a babban dandalinsa ka ɗaga kai za ka ga dutsen Schiara, mita 2,565, tsaye a bayan gari, da wani siririn dutse a gefensa kamar allura da suke kira Gusela.

Ba a birnin aka ajiye mu ba. Wani ƙauye ne a cikin ƙuntataccen kwari, mu goma sha biyu a gida ɗaya. A watan Disamba rana ba ta leƙo mu sai wajen ƙarfe goma, kafin ƙarfe uku ta faɗa bayan dutse. Akwai unguwannin da ke yin makonni ba su ga ƙwayar rana ba. Ni da na saba duba inuwa in san azahar ta yi, sai ga ni a inda ƙauye duka inuwa ne. Sanyi kuwa ba irin na hunturunmu ba ne da ke tsaga leɓe ya wuce. Wannan cikin ƙashi yake kwana. Na yi watanni ba na fita sai dole. In na shiga motar haya wasu sukan matsa, wasu su gwammace tsayuwa da su zauna kusa da ni. Ba zan ɓoye wannan ba, ya faru, kuma ya yi mini ciwo.

Abin da ya fara sa ni murmushi a garin kalma ɗaya ce. Tsofaffi in za su rabu sai ka ji sun ce "sani". Ranar farko na waiwaya da sauri ina neman Bahaushen da ake kira. Daga baya aka gaya mini a yaren lardin sallama ce, fatan a zauna lafiya. Sai na fara faɗa wa duk tsohon da na gamu da shi a hanya. Wasu suka yi turus, wasu suka yi dariya suka amsa. Ta wannan ƙofar na shiga.

A watan Yunin 2017 wani mai shanu ya nemi yaron da ya san dabba. Da ya ga yadda na kama hantsar saniya bai ƙara tambayata komai ba. A can in dusar ƙanƙara ta narke sukan kora shanu su hau makiyayar kan dutse, su zauna har watan Satumba. Wurin da ake zama suna ce masa malga, ruga ce dai, sai dai da ɗakin dutse da tukunyar tagulla ta dafa madara a yi cuku. Tamu tana ƙasar Agordino, sama da garin Alleghe. Daga bakin ƙofa kana hango tafkin garin a ƙasa, kore shar. Mai shanun ya ce mini tafkin ba daɗaɗɗe ba ne: a 1771 gefen wani dutse ya zaftare ya binne ƙauyuka ya toshe rafi, ruwa ya taru. A ranar ban ɗauki maganar da muhimmanci ba.

Gaba da mu kuwa Civetta ce, mita 3,220, bango guda miƙe wanda tsayinsa kaɗai ya kai kusan mita dubu. Kwanakin ƙarshe na azumin shekarar a gabanta na yi su. Azumin kusan awa 18 ne, ga tatsa da asuba, ga kora shanu, ga wankin tukwane. Waya ba ta samun layi sosai, kuma kwarin kan yi duhu tun rana na sama, don haka na rasa yadda zan gane magariba. Dutsen ne ya zama mini agogo. In yamma ta yi, bangon nan mai launin toka sai ya fara yin ruwan ɗorawa, ya koma ja kamar garwashi, jan ya riƙa hawa sama yana barin gindin cikin duhu, har ya rage a kan tsinin kaɗai. Muddin akwai ja a tsinin, rana ba ta faɗi ba. In ya dushe sai in ƙara 'yan mintoci in sha ruwa. Mutanen wurin suna da suna na musamman ga wannan jan, enrosadira. Matar mai shanun ta lura da abin da nake yi, ba ta ce komai ba, amma kullum in jan ya kusa ƙarewa sai in tarar da kofin madara mai ɗumi da tuwon masara a kan benci. Polenta suke ce masa, tuwo ne sak, kuma shi ne abincin talakansu tun kaka da kakanni.

Wata rana ɗansu, ɗalibi ne da ya zo hutu, ya kira ni ya nuna mini wani faffaɗan dutse a gefen hanya. A jikinsa akwai alamu kamar sawun kofaton saniya. Ya ce ba sawu ba ne, ɓawon kifin kwanso ne da ya zama dutse. Ya ce duk duwatsun nan da ake kira Dolomiti ƙasan teku ne sama da shekara miliyan 200 da suka wuce, murjani da ƙananan halittun ruwa suka tara su, daga baya ƙasa ta tunkuɗo su sama. Sunan ma daga wani Bafaranshe ne mai nazarin duwatsu, Dolomieu, wanda ya bayyana irin dutsen a 1791, kuma a 2009 UNESCO ta sa su cikin kayan gadon duniya. Shi yana ta bayani da murna. Ni kuwa ƙafafuna suka yi sanyi, na zauna a ƙasa. Wata bakwai ke nan ina gudun ko da jin sunan teku, ashe a kan gindinsa nake kiwo. Daren nan ban runtsa ba. Na yi ta karanta ayoyin da ke maganar ranar da za a tafiyar da duwatsu, na ga abin da nake karantawa tun ina allo ya zo gabana a fili.

Kiwo ya kai ni wurare da yawa. A yamma da mu akwai Marmolada, mita 3,343, mafi tsayi a duk Dolomiti, da daskararriyar ƙanƙara a kafaɗarta wadda mai shanun ya ce tun yana yaro take ja da baya. Ranar 3 ga Yulin 2022 wani ɓangarenta ya ɓalle cikin zafi ya kashe mutum 11. A makiyaya kuma nakan tsinci tsatsattsiyar waya mai ƙaya da gwangwanayen abinci da suka ruɓe. Daga 1915 zuwa 1917 a kan waɗannan duwatsun Italiya da Ostiriya suka ja daga, soja na haƙa rami cikin dutse da cikin ƙanƙara, sanyi da zaftarewar dusar ƙanƙara na cin rayuka kamar harsashi. A dutsen Col di Lana, cikin Afrilun 1916, Italiyawa suka haƙa ta ƙarƙashi suka tayar da kan dutsen da nakiya da mutanen da ke bisansa. Garuruwa irin su Cortina da Livinallongo a lokacin ƙasar Ostiriya ne, sai bayan yaƙin suka koma Italiya, kuma har yau akwai masu yaren Ladin a can. Bayan an karya sojan Italiya a Caporetto cikin Oktoban 1917, abokan gaba suka mamaye lardin shekara guda suna kwashe abinci da dabbobi. Wannan shekarar suna ce mata an de la fan, shekarar yunwa. Da na ji haka na tuna mu ma a Adar kowace yunwa da sunanta, kuma tsofaffi da ita suke lissafin haihuwa.

Ranar 29 ga Oktoban 2018 ina cikin kwari, mun daɗe da sauko da shanu. An kwana biyu ana ruwa. Da yamma iska ta taso, mai ɗumi, abin da ba a saba ba. Kafin isha wuta ta ɗauke, sai ƙara kake ji daga daji kamar ana harbin bindigogi, ashe itatuwa ne ke karyewa. A wasu mashigai iskar ta kai kusan kilomita 200 cikin awa. Guguwar Vaia ke nan. Da gari ya waye na fita na ga gefen dutse da jiya yake baƙi ƙirin da itace ya koma kamar gonar gero da iska ta kwantar, miliyoyin itatuwa kwance sun fuskanci waje ɗaya. Hanyoyi sun yanke, kwazazzabon Sottoguda da baƙi ke zuwa kallo ruwa ya cinye hanyarsa. Mun yi kwanaki ba wuta ba waya. A kwanakin nan ba wanda ya dubi launin fatata. Wanda ke da hannu biyu shebur ake miƙa masa.

Daga nan na shiga aikin daji, shekara biyu da wani abu. Aiki ne mai haɗari, don itacen da ya faɗi a danne yana nan ɗaure kamar baka, in ka sa masa zarton inji ta inda bai kamata ba sai ya harbe ka. Shugaban ayarinmu dattijo ne, ba ya yawan magana sai lokacin cin abinci. Shi ya gaya mini dazuzzukan da yawa ba na gwamnati ba ne kuma ba na mutum ɗaya ba, na tsofaffin gidajen ƙauye ne a haɗe, ba a sayarwa ba a rabawa, tsarin da suke kira Regole. Shi ya ba ni labarin katako. Belluno ta shiga hannun Venis a 1404, ƙasar Cadore ta biyo a 1420, kuma ɗaruruwan shekaru ana sare itace a nan a tura gungume cikin Piave, a ɗaure su su zama kwale-kwale, mutane su hau su bi ruwa da su. Venis da duniya ke zuwa kallo a kan turakun itace take tsaye, kuma daga dajin Cansiglio ake yanko itacen filafilan jiragenta. Ƙauyen Codissago ya yi suna da masu wannan sana'a, in sun miƙa kaya sai su komo gida a ƙasa. Dattijon ya ce komai na ƙasar nan gangara yake yi: itace ya gangara, ruwa ya gangara ya zama lantarkin birane, 'ya'ya ma su gangara. Bayan guguwar kuma wani ƙaramin ƙwaro ya samu abinci a matattun itatuwa ya yaɗu ya kama masu rai, har yau kana ganin jajayen tabo a dazuzzuka.

Masu zuwa yawon buɗe ido ba wannan suke gani ba. Su Tre Cime suke nufa, tsinayen nan uku da ke sama da Auronzo, da tafkin Misurina, da Cortina da ta karɓi wasannin Olamfik na hunturu a 1956 aka kuma sake ba ta na 2026 tare da Milan. Na je na gani, kuma wallahi da kyau, gani ya kori ji. Amma wanda ya ɗauki hoto a can ya koma bai ga lardin ba. Bai ga ƙauyukan da tagoginsu ke rufe wata goma sha ɗaya a shekara ba, da makarantun da ake haɗe aji uku a ɗaki ɗaya don yara sun ƙare.

A 2021 gwiwata ta fara ba ni matsala, sai na samu aiki a wata ƙaramar masana'antar tabarau a Longarone. Tabarau shi ne abincin lardin yanzu. Tun 1878 aka buɗe masana'anta ta farko a Calalzo, babban kamfanin tabarau Luxottica ya tashi a Agordo a 1961, kuma a Pieve di Cadore, garin da aka haifi mai zanen nan Tiziano, har gidan tarihin tabarau akwai. Aikina goge firam ne da ɗaura 'yan ƙananan kusoshi da sai da hantsaki ake ɗaukarsu. Na sha wahalar samun ɗaki. Sau uku ana ce mini akwai a waya, in na je a ce an bayar. A ƙarshe wani tsoho ya ba ni saman gidansa. Ni ina ce masa Baba, shi yana ce mini bocia, wato yaro a yarensu.

Tun makon farko wani abu ya tsaya mini a rai game da Longarone. Duk garin da na sani a lardin yana da tsofaffin gidajen dutse da lunguna da tsohuwar majami'a. Nan kuwa komai siminti ne, komai sa'ar juna, kamar rana ɗaya aka haife su. Na san an yi wani bala'i, na ji ana ambaton Vajont, amma ban taɓa tambaya ba. Wata Lahadi ina taya Baba faskare sai na tambaye shi. Ya ajiye gatari, ya kama kafaɗata ya juya ni gabas. Tsallaken kogi, tsakanin duwatsu biyu, akwai wata tsaga, a can cikinta kana hango wani farin abu mai kama da harshen mashi. Ya ce, "Bocia, ka gan ta? Tana nan, ko gezau ba ta yi ba."

Madatsar ruwa ce, tsayinta ya haura mita 260, lokacin da aka gama ta tana cikin mafi tsayi a duniya. An gina ta don lantarki a kan rafin Vajont, a ƙasar Erto da Casso, daidai kan iyakar lardin, Longarone kuma na kwance a bakin kwazazzabon. Mutanen ƙauyukan sama sun san dutsen Toc da ke gefen tafkin ba shi da tabbas, sun faɗa. Wata 'yar jarida 'yar lardin, Tina Merlin, ta rubuta, aka kai ta kotu da zargin tayar da hankalin jama'a, kotu ta wanke ta a 1960. A watan Nuwamban shekarar wani yanki na dutsen ya faɗa cikin tafkin, doguwar tsaga ta bayyana a jikinsa. Aka ci gaba da cika ruwa. Ranar 9 ga Oktoban 1963, ƙarfe 10:39 na dare, gefen dutsen gaba ɗaya, sama da mita kubik miliyan 260, ya sulale cikin tafkin lokaci guda. Ruwan ya yi tsalle ya haye kan madatsar ya faɗo cikin kwazazzabon. Cikin 'yan mintoci babu Longarone. Samari da yawa suna shagunan shayi suna kallon wasan Real Madrid da Rangers a talabijin. Kusan mutum 2,000 suka rasu, wajen 1,450 daga Longarone kaɗai. An kai shari'ar can L'Aquila, nesa da masu abin, aka rufe ta a 1971 da hukunci mai sauƙi a kan mutum biyu.

Ni Musulmi ne, na yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Amma wanda aka gaya masa bango zai faɗi, ya ga tsagar da idonsa, ya bar mutane suna barci a gindinsa don kada kuɗinsa ya tafi, wannan yana da tambayar da zai amsa. Na faɗa wa Baba haka da ɗan Italiyancina. Ya daɗe yana kallona.

Na tambaye shi yadda ya tsira. Ya ce ba ya nan. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar ake tafiya da shi Jamus sayar da askirim, kamar dubban 'yan kwarin Zoldo da Cadore da Longarone. Su tafi cikin Maris, su dawo cikin Oktoba in sanyi ya shigo. Saura 'yan kwanaki su rufe shago ya ji a rediyo. Ya hau jirgin ƙasa da tsarabar da ya riga ya saya, ƙarshen tafiyar a ƙasa ya yi ta. Da ya iso bai gane inda gidansu yake ba, fili ne fari fat na tsakuwa da laka, sai hasumiyar majami'ar Pirago tsaye ita kaɗai. Uwa, uba, ƙanne mata biyu. Gawar ɗaya kaɗai aka samu.

Na ce masa, "Baba, ashe ku ma kuna ci-rani." Na bayyana masa kalmar, na ce namu rani muke ci a waje mu dawo da damina, nasu zafi suke ci a waje su dawo da sanyi. Ya sa na maimaita masa kalmar har sau uku. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce kakarsa ta bar jaririnta na wata biyu ta tafi birni shayar da ɗan masu kuɗi, kamar matan ƙasar Feltre da yawa. Ya ce a 1965 ƙanƙara ta rufto wa ma'aikatan wata madatsa a Mattmark ta ƙasar Suwizalan, mutum 88 suka mutu, 17 'yan lardin nan ne. Ya ce a Jamus ya taɓa ganin takarda manne a ƙofar shago an hana Italiyawa shiga. Ya ce, "Wanda ya ƙi ba ka ɗaki a garin nan, ka tambaye shi inda kakansa ya kwana."

Ranar 9 ga Oktoban shekarar ya ce in raka shi. Muka fara hawa can wajen madatsar ta ramukan da aka fasa cikin dutse. A bayanta, inda tafki yake a da, yanzu tudu ne da itatuwa suka tsiro a kai, dutsen da ya faɗo ke nan, ya fi madatsar tsayi. A jikin shingen hanya an jera 'yan ƙyallaye masu launi, kowanne da sunan yaro da shekarunsa. Yara 487. Wasu an rubuta ba a kai ga haihuwarsu ba. Daga nan muka gangara maƙabartar Fortogna. Fararen duwatsu ne 1,910 a jere cikin ciyawa, duk girma ɗaya. Baba ya tsaya a gaban guda huɗu. Ya ce suna ne kawai, ba ya jin akwai kowa nasa a ƙarƙashi in ban da ɗaya, sauran Piave ta tafi da su.

A nan abin da na danne shekara biyar ya fito. Ban taɓa gaya wa kowa a ƙasar nan ba in ban da jami'an da suka yi mini tambayoyi don takarda. Na ce masa ni ma ina da ƙane a cikin ruwa. Na gaya masa yadda gefen jirgin ya sace cikin dare, yadda nake riƙe da rigarsa, yadda na wayi gari da hannu wofi. Na ce mahaifiyarmu har yau in na kira ta takan tambaya ko an samu wani labari, don ba a yi masa wanka ba, ba a yi masa sutura ba, ba ta da inda za ta nuna ta ce ga shi nan. Baba bai ce mini in yi haƙuri ba. Ya tambaye ni sunansa. Na faɗa. Ya maimaita, bai iya furta shi daidai ba, ya sake har ya kama. Sannan ya cire hularsa ya ce in yi irin addu'armu, shi zai tsaya. Na ɗaga hannu na yi wa ƙanena addu'a a tsakiyar maƙabartar, tsohon na tsaye a gefena da hula a hannu har na shafa.

Daren nan na kira mahaifiyata na gaya mata akwai wani gari a cikin duwatsu inda mutane da yawa ba su binne nasu ba, kuma wani tsoho a can ya san sunan ɗanta. Ta yi shiru. Sai ta ce in gaishe shi, in tambaye shi ko yana cin kilishi. Da na je gida a 2023 na yi aure, ita da kanta ta ƙulla masa a leda, da goro biyar. Goron bai iya ci ba, yana nan a kan kabad ɗinsa sun bushe.

Yanzu takardun ɗauko matata da 'yarmu nake bi. Doka ta ce sai hukumar gari ta tabbatar gidan ya isa mutum uku, kuma saman da nake ciki ya gaza da kaɗan. Makon jiya na dawo daga aiki na tarar Baba ya kwashe tarkacen ɗakin ajiyarsa na kusa da matakala, ya tara su a tsakar gida cikin sanyi, yana tsaye da abin awo a hannu. Ya ce in riƙe masa bakin awon a jikin bango, ya ja zuwa ɗaya ɓangaren, ya duba lambar ya rubuta a bayan ambulan. Ya ce gobe da safe kafin in tafi aiki mu biya ofishin tare, kuma in tambayi matata irin fentin da take so.